Lambar da Ta Gagari Rabo: 2,147,483,647

[Kiɗan buɗe shiri]

Masu sauraro, ga mu a filinmu na ilimin lissafi. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, domin yau lamba ɗaya tak za mu zauna a kanta, kuma tana da tsawo. Zan faɗe ta alƙalami bayan alƙalami: biyu, ɗaya, huɗu, bakwai, huɗu, takwas, uku, shida, huɗu, bakwai. Alƙaluma goma ke nan. In aka karanta ta a dunƙule, ita ce biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, wato 2,147,483,647.

Da mutum zai fara ƙirgawa daga ɗaya, lamba guda a kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ya shekara sittin da takwas kafin ya iso gare ta. To amma ba girmanta ne ya kawo ta wannan fili ba. Lambobin da suka fi ta girma ba su da iyaka, kasafin kuɗin jiha guda ma ya ninka ta sau ɗaruruwa. Malamin lissafi in aka ajiye masa babbar lamba, tambayoyinsa daban ne. Yaya aka gina ta? Wa ke iya raba ta daidai? Wane dangi take ciki? Amsoshin waɗannan su ne halayenta, kuma wannan lamba tana da halayen da suka wahalar da manyan malamai kusan shekara ɗari biyu.

Mu fara da gininta. A ce wani ya buɗe asusu ranar ɗaya ga Janairu, ya jefa naira ɗaya. Rana ta biyu ya jefa naira biyu, ta uku naira huɗu, ta huɗu naira takwas, kullum yana ninka abin da ya jefa jiya. Ku duba abin da ke taruwa: ɗaya, uku, bakwai, sha biyar, talatin da ɗaya, sittin da uku, ɗari da ashirin da bakwai. Kun lura da wani abu? A kowace rana, abin da ke cikin asusun naira ɗaya ce ta hana shi kai zubin gobe. A rana ta goma yana da naira 1,023 kacal. A rana ta ashirin ya kai 1,048,575. Ranar 31 ga wata, zubinsa na wannan rana kaɗai 1,073,741,824 ne, in ya fasa asusun kuma zai tarar da naira 2,147,483,647 cif. Asalin lambarmu ke nan: a jera biyu sau talatin da ɗaya, a ninka su da juna, a ɗebe ɗaya.

Yanzu mu ɗora ta a kan ma'aunan da kowane ɗan firamare ya sani. Ta ƙare da bakwai, saboda haka wutiri ce, ba shafa'i ba, biyu ba ta raba ta. Ba ta ƙare da sifili ko biyar ba, don haka biyar ta fita. Ku tara alƙalumanta goma, za ku sami 46. Uku ba ta raba 46, tara ma haka, ke nan su ma ba su raba lambarmu, ragowar ɗaya suke bari. Ku gwada bakwai, ragowa ɗaya. Ku gwada sha ɗaya, ragowa ɗaya. Talatin da ɗaya, ita ma ragowa ɗaya.

Wannan ɗaya da ke ta saura tana da dalili. Lambar da ke gabanta kai tsaye, 2,147,483,646, mai yawan rabuwa ce. An gina ta da biyu, da uku sau biyu, da 7, da 11, da 31, da 151, da 331, in aka ninka su gaba ɗaya, kuma lambobi 192 ne ke raba ta ba saura. Wadda ke binta, 2,147,483,648, biyu ce zalla tun daga sama har ƙasa, lambobi 32 ke raba ta. Tamu tana tsakiyarsu, taku ɗaya daga kowacce, amma lambobi biyu kacal ke raba ta a duk duniyar lissafi: ɗaya, da ita kanta.

Irin wannan lamba za mu riƙa kiranta gagara-rabo. Ƙananan 'yan'uwanta kun san su: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su, don kowace lamba da ta haura ɗaya, ko dai gagara-rabo ce, ko an ninka wasu gagara-rabo ne aka same ta. In aka jera su tun daga biyu, tamu ita ce ta 105,097,565 a layi.

Malamanmu na ilimin rabon gado sun daɗe da wannan tunani. Su ne ke kafa asalin mas'ala a kan shida ko sha biyu ko ashirin da huɗu, saboda lambobi ne da ke karɓar rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni gwargwadon bukata. Su ne kuma ke duba dangantakar lambobi biyu su ce tamasuli ne, ko tadahuli, ko tawafuƙi, ko tabayuni. A wannan ma'auni nasu, lambarmu tana tabayuni da kowace lamba daga biyu har zuwa wadda ke gabanta, ba su haɗa mai rabawa ba sam. Da za a bar dukiya ta naira 2,147,483,647 a ce a raba ta kashi-kashi daidai ba tare da an taɓa kwabo ba, kashi biyu ne ko dubu ko miliyan, ba za ta yiwu ba.

To wa ya ce haka ne? Faɗa da baki ba wuya. Tabbatarwa ita ce aikin, kuma nan ne labarin ya fi daɗi.

A shekarar 1588 wani malami a birnin Bolonya na Italiya, Pietro Cataldi, ya tabbatar da cewa abin da asusun nan ke tarawa a rana ta 17 da ta 19, wato 131,071 da 524,287, gagara-rabo ne. Ya yi haka ne da rabawa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ya zarce da hasashe, ya ce na rana ta 23, da 29, da 31, da 37 su ma haka suke. Hasashen yana da kan gado, domin an riga an san cewa in yawan kwanakin ba gagara-rabo ba ne, abin da aka tara ma ba zai zama ba. Na rana ta huɗu 15 ne, uku sau biyar. Na rana ta shida 63 ne, bakwai sau tara. Sai dai kasancewar kwanakin gagara-rabo bai wadatar ba. Rana ta 11 tana ba da 2,047, ita kuwa 23 ce sau 89. Cikin hasashen Cataldi guda huɗu, uku sun faɗi. Pierre de Fermat na Faransa ya gano 47 tana raba ta rana ta 23, 223 kuma tana raba ta rana ta 37. Daga baya aka gano 233 tana raba ta rana ta 29. Ta 31 ce kaɗai ta tsaya, ba wanda ya fasa ta, ba kuma wanda ya tabbatar da ita.

A 1644 wani limamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, wanda ke musayar wasiƙu da kusan duk manyan masana na zamaninsa, ya fitar da nasa jerin, ya sa 31 a ciki. Shi ma bai kawo hujja ba, jerin nasa ma yana da kurakurai, amma sunansa ya bi wannan dangi har yau, ana ce musu lambobin Mersenne.

Wanda ya rufe maganar shi ne Leonhard Euler, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1707, wanda ya ƙare rayuwarsa a birnin San Fitasbag na Rasha a 1783. A 1772 ya rubuta wasiƙa ga ɗaya daga cikin malaman gidan Bernoulli, ya sanar da shi cewa ya tabbatar. Ku riƙe halin da yake ciki a lokacin. Idonsa na dama ya daɗe da lalacewa tun yana matashi, na hagu kuma yanar ido ta rufe shi, zuwa 1771 kusan ba ya gani kwata-kwata. A wannan shekarar ce kuma gobara ta cinye gidansa. Yana faɗa ne, 'ya'yansa da almajiransa suna rubutawa. Babu kwamfuta, babu kalkuleta.

Yaya aka yi? Ina roƙonku ku natsu a nan, domin shi ne zuciyar shirinmu na yau.

Hanyar ƙarfi ita ce a gwada raba lambar da biyu, da uku, da huɗu, har a ƙure fiye da biliyan biyu. Ba mai rai da zai gama. Matakin farko na rage aikin tsoho ne. In wata lamba ta rabu gida biyu da aka ninka, ba zai yiwu duka biyun su zama manya ba. Ɗauki 91. Goma sau goma ɗari ne, ya wuce 91, don haka in tana da mai raba ta, dole ɗayan bai kai goma ba. Gwaji zai tsaya a tara, kuma a bakwai za a kama ta: bakwai sau sha uku. Ga lambarmu, 46,341 in aka ninka ta da kanta ta riga ta wuce, saboda haka gwaji zai tsaya a 46,340. Daga biliyan biyu mun sauko dubu arba'in da shida. In muka ce gagara-rabo kawai za mu gwada, tunda duk lambar da huɗu ko shida ta raba biyu ma ta raba ta, za su rage sama da dubu huɗu da ɗari bakwai. Har yanzu da yawa ga mai rabon dogon lissafi da hannu.

Mataki na biyu daga Fermat ya fito, tun 1640. Mu gwada da ƙaramin misali. Ku ɗauki jerin ninkin biyu, 2, 4, 8, 16, 32, 64, ku raba kowanne da bakwai, ku rubuta ragowar kawai. Za ku sami 2, 4, 1, 2, 4, 1. Ragowar tana zagaye, kowane taku uku tana dawowa ɗaya. Fermat ya gano cewa ga kowace gagara-rabo wutiri, tsawon wannan zagaye yana raba lambar da ke gabanta daidai. Ga bakwai, wadda ke gabanta shida ce, uku kuwa tana raba shida. Yanzu a ce akwai wata gagara-rabo da ke raba lambarmu. Ma'anar haka, a taku na 31 ragowarta ta dawo ɗaya. Tsawon zagayenta dole ya raba 31, ita kuwa 31 ba mai raba ta, don haka zagayen 31 ne cif. Ke nan 31 tana raba lambar da ke gaban wannan mai rabawa. Tunda mai rabawar wutiri ce, wadda ke gabanta shafa'i ce, sai ya zama 62 ce ke raba ta. Saboda haka duk mai neman raba lambarmu dole ya kasance ninkin 62 da ɗaya a kai: 63, 125, 187, 249, 311, haka har sama. Sauran duk an sallame su ba tare da an gwada ko ɗaya ba.

Wanda ke shakka ya koma kan 2,047 ta rana ta 11. Ninkin 11 biyu 22 ne. Masu raba ta su ne 23 da 89. Ashirin da uku, 22 ce da ɗaya. Tamanin da tara, 22 sau huɗu ce da ɗaya. Ƙa'idar ta zauna daram.

Mataki na uku na Euler ne. Ya san cewa duk gagara-rabon da ke raba irin waɗannan lambobi, in aka raba ta da takwas, ragowarta ɗaya ce ko bakwai, ba ta zama uku ko biyar. Wannan ya sake zubar da rabin waɗanda suka rage. In aka haɗa sharuɗɗan biyu, mai rabawa dole ya zama ninkin 248 da ɗaya a kai, ko ninkin 248 da 63 a kai. A ƙasa da 46,340, irin waɗannan ba su wuce 373 ba, kuma yawancinsu ma ba gagara-rabo ba ne, kamar 63 da 249, sai a tsallake su. Abin da ya rage aikin 'yan kwanaki ne. Aka gwada su, kowacce ta bar ragowa, magana ta ƙare.

Ni a ganina wannan ya fi sakamakon kansa daraja. Yaranmu da yawa suna fita daga makaranta da zaton gwanin lissafi shi ne mai saurin ninkawa da rabawa. Euler gwani ne a wannan ma, amma da saurin hannu kaɗai ya dogara, da ya mutu bai ci ko kashi ɗaya cikin dubu na aikin ba. Abin da ya yi shi ne ya tsaya ya tambayi kansa wace irin lamba ce ma za ta iya raba wannan, sai biliyan biyu ta koma ɗari uku da 'yan kai. Malaman makaranta da ke saurarenmu, don Allah ku riƙa nuna wa yara wannan ɓangare na lissafi, ko da da ƙananan lambobi ne irin 91 da 2,047.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Muna kan lamba 2,147,483,647, mun ga wutiri ce, gagara-rabo ce, kuma 'yar gidan Mersenne ce, ita ce ta takwas a cikin gagara-rabon gidan, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Akwai wani ƙaramin ɗaki a cikin wannan gida. Ku lura, 31 da muka gina lambarmu da ita, ita kanta tana cikin jerin, ita ce abin da asusun ya tara a rana ta biyar. Wato Mersenne ce ta haifi Mersenne. Gagara-rabo masu wannan hali huɗu kawai aka sani: 7, da 127, da tamu, da wata mai alƙaluma 39 da ake samu a rana ta 127.

Wani rabe-raben kuma tsoho ne ƙwarai, tun malaman Girka, malaman Larabawa kuma suka ɗauka suka faɗaɗa. Ana tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta wuce ta, mai rara ce, kamar 12, da masu raba ta 1, 2, 3, 4, 6 suka tashi 16. In jimlar ba ta kai ba, tauyayya ce. In kuwa ta zo daidai, cikakkiya ce, kamar 6, ɗaya da biyu da uku, ko 28. Lambarmu tana can ƙarshen tauyayyu, don abin da za a tara mata ɗaya ne tilo. Duk da haka ita ke haifar da cikakkiya. Euclid, wanda littattafan Larabci ke kira Iƙlidis, ya nuna a Iskandariya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa duk ranar da abin da ke cikin asusun nan ya zama gagara-rabo, in aka ninka shi da zubin wannan rana, za a sami cikakkiyar lamba. Rana ta biyu, uku sau biyu, shida. Rana ta uku, bakwai sau huɗu, 28. Rana ta biyar, 31 sau 16, 496. Rana ta 31 kuwa tana ba da 2,305,843,008,139,952,128, mai alƙaluma 19, cikakkiyar lamba ta takwas. Euler ɗin nan ne kuma ya tabbatar da cewa duk cikakkiyar lamba shafa'i ta wannan hanya kaɗai take zuwa. Ko akwai cikakkiya wutiri, wannan tambaya tana nan a buɗe sama da shekara dubu biyu.

A gurguje, ga wani hali. Wani malamin lissafi, Lagrange, ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar lambobi huɗu ko ƙasa da haka waɗanda kowacce an ninka wata da kanta. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13, huɗu da tara. Amma duk wadda ke barin ragowar bakwai in an raba ta da takwas, sai an ba ta huɗun nan cif. Bakwai kanta haka take, huɗu da ɗaya da ɗaya da ɗaya. Tamu ma bakwai take bari, don haka tana cikin masu neman huɗu.

A 1811 wani malamin lissafi a Ingila, Peter Barlow, ya rubuta a littafinsa cewa cikakkiyar lambar nan ta takwas ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai ɓata lokaci ya nemi ta gaba. Bai yi daidai ba ta fuska biyu. An nemi na gaba an samu: Édouard Lucas ya tabbatar da ta rana ta 127 a 1876 da hannu, Ivan Pervushin na Rasha ya kawo ta rana ta 61 a 1883, a watan Oktoba na 2024 kuma aka gano ta rana ta 136,279,841, mai alƙaluma sama da miliyan 41. Maganar amfani kuwa, lambarmu tana cikin na'urorin da ke kewaye da mu.

Kwamfuta ba ta san alƙaluma goma ba, biyu ta sani, sifili da ɗaya. Shekaru da dama, yawancin manhajoji suna ware wa kowace lamba gurabe 32. Gurbi ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Gurbin farko darajarsa ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu, haka ake ninkawa. In duka 31 suka cika da ɗaya-ɗaya, jimlarsu ita ce 2,147,483,647. Ita ce rufin ɗakin. In aka ƙara ɗaya, sai ƙarin ya tsallaka ya faɗa gurbin alama, lambar ta juye ta koma 2,147,483,648 a ƙasa da sifili.

Wannan ya sha faruwa. A Disamba 2014 YouTube ya sanar cewa bidiyon Gangnam Style na mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya sa sun faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurabe 64, don an kalle shi fiye da sau 2,147,483,647. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya kashe wuta in aka bar su a kunne kwana 248 ba a kashe an sake kunnawa ba. Ku ƙirga ɗaya bisa ɗari na sakan har sau 2,147,483,647, za ku tarar kwana 248 ne da ɗoriya. Wannan 248 ba ta da alaƙa da 248 ta Euler, dacewa ce kawai. Ranar 1 ga Janairu 2022 kuma saƙonnin imel suka maƙale a ofisoshin da ke amfani da Microsoft Exchange, saboda manhajar ta rubuta kwanan wata a dunƙule, ya zama 2,201,010,001, ya fi ƙarfin gurbin.

Matasanmu masu koyon rubuta manhaja, wannan ta shafe ku kai tsaye. Lambar wayar Najeriya, in aka cire sifilin farko, tana farawa ne da bakwai ko takwas ko tara, alƙaluma goma, wato biliyan bakwai zuwa sama. In kuka adana ta a gurabe 32, ba za ta shiga ba, wasu rumbunan ajiya sai su maye gurbinta da rufin, ka ga kowa a rajista lambar wayarsa ta koma 2147483647. Lambar waya a adana ta a matsayin rubutu. Haka kuɗi: in ana ƙirga shi da kwabo a gurabe 32, rufin naira 21,474,836 da kwabo 47 ne, kuɗin da ɗan kasuwa ɗaya a Kantin Kwari zai iya juyawa.

Akwai kuma ranar da ke tafe. Na'urori da yawa suna sanin lokaci ne ta ƙirga sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970. Shekara sittin da takwas ɗin nan za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe huɗu da minti sha huɗu da sakan bakwai na asuba agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka, duk na'urar da ke kan gurabe 32 za ta ɗauka tana Disamba 1901. Kada hankalin kowa ya tashi, yawancin sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma gurabe 64. Abin lura shi ne tsofaffin na'urori da aka dasa cikin injuna aka manta da su, su ne masu kula da kayan aiki ya kamata su bincika tun yanzu.

Rufin gurabe 64 shi ne 9,223,372,036,854,775,807, abin da asusun zai tara a rana ta 63. Amma 63 bakwai ce sau tara, don haka wannan ƙatuwar lamba tana rabuwa, bakwai ma tana raba ta. Tamu ta haɗa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba, ita ce rufin gurabe 32, kuma gagara-rabo ce, masana kuwa sun ci moriyar haka. Sau da yawa ana bukatar kwamfuta ta fitar da lambobi kamar an jefa ƙuri'a, don zaɓen samfuri a bincike ko kwaikwayon yadda wani al'amari zai gudana. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙi wata hanya mai sauƙi da ta samo asali daga Derrick Lehmer: ɗauki lamba, ninka ta da 16,807, raba da 2,147,483,647, riƙe ragowar, sake maimaitawa da ita. In aka fara da ɗaya, za a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce, ragowar ba za ta taɓa faɗawa sifili ba, kuma da wannan 16,807 da aka zaɓa, sai ta ziyarci dukkan lambobi 2,147,483,646 kafin ta maimaita ko ɗaya. Zagayen ragowa ne irin na Fermat da muka yi da bakwai ɗazu. Hanyar ba ta isa tsare sirri ba, amma ta yi shekaru tana aiki a ɗakunan bincike.

Ga aikin gida. Ku ɗauki 8,191, abin da asusun ya tara a rana ta 13, ku bi ta da hanyar Euler. Casa'in da ɗaya sau casa'in da ɗaya ya wuce ta, don haka gwaji zai tsaya a 90. Mai raba ta dole ya zama ninkin 26 da ɗaya a kai, wato 27, ko 53, ko 79. Ashirin da bakwai ba gagara-rabo ba ce, ta fita. Hamsin da uku in an raba ta da takwas tana barin biyar, ita ma ta fita. Saura 79 kaɗai. Ku raba 8,191 da 79 da hannunku, ku ga ko za ta bar ragowa, ku aiko mana da abin da kuka samu, za mu karanta amsoshinku a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]